Bishiyar Kyanwa, Ginshiƙi ko Katakan Bango: Wanne Ya Dace da Ƙaramin Gida?

Kyanwar da ba ta fita waje, iyakar duniyarta bangon gidanka ne. Idan gidan ɗaki ɗaya ne da falo, da taku kaɗan ta gama zagaye shi. Daga nan sai barci, sai ci, sai kuma ta tashi cikin dare ta yi ta sukuwa a kan kujeru, ko ta kama labule da farata ta bi shi har sama. Mai gida ya ɗauka ɓarna ce kawai ta sa a gaba, alhali jikinta ne ke neman abin da aka halicce shi a kai. Asalin kyanwar gida kyanwar dajin Afirka ce, dabbar da ke farautar ƙananan halittu ita kaɗai, kuma ita ma tana da waɗanda take gudu. Dabba irin wannan ba ta rabuwa da son bisa. Daga sama take hango abin da ke motsi, can take gudu idan ta tsorata, can kuma take sakin jiki ta yi barci.

A ƙaramin gida ba ka da ikon ƙara faɗin ƙasa, amma ɗaga kai ka duba. Daga kafaɗarka zuwa silin fili ne zaune, babu mai amfani da shi sai agogo da hoto. Wannan filin ake so a buɗe wa kyanwa. A shekarar 2013 ƙungiyoyi biyu na likitocin kyanwa, AAFP ta Amurka da ISFM ta ƙasa da ƙasa, sun fitar da jagora kan abin da kyanwa ke buƙata a inda take zaune. Abin da suka sa a farko shi ne wurin da za ta ji ta tsira, wanda sau da yawa wuri ne mai bisa, sannan suka lissafa damar yin wasa irin na farauta. Likitocin dabbobi sun daɗe suna ganin yadda zaman wuri ɗaya ke kawo ƙiba, ƙiba kuma ta buɗe ƙofar ciwon suga, yayin da damuwa ke da hannu a wani ciwon mafitsara da ke yawan kama kyanwowin cikin gida. Maganar abin hawa ke nan maganar lafiya ce tun daga tushe.

Abubuwan da ake sayarwa ko ake ƙerawa don wannan aiki kusan iri huɗu ne. Akwai wadda ake kira bishiyar kyanwa, mai tsayuwa da kanta a kan faffaɗan gindi, da hawa biyu ko uku ko fiye. Akwai dogon ginshiƙi da ke tokare ƙasa da silin. Akwai katakai da ake kafawa a jikin bango hawa-hawa. Sai mazaunin taga. Kowanne akwai gidan da zai yi wa daidai, akwai kuma gidan da zai zama asarar kuɗi da wuri.

Abu biyu ne a jikin kyanwa da nake auna dukkansu da su. Na farko faratanta. A lanƙwashe suke kamar ƙugiya, bakinsu na kallon baya. Wajen hawa ba su da na biyu, amma idan ta juya kai ƙasa ba sa riƙe komai. Abin da ke sa kyanwa ta maƙale a kan itace tana kuka ke nan: ta hau cikin sauƙi, saukowa ta gagara. Ko dai ta sauko da baya-da-baya, abin da ba kowacce ta iya ba, ko ta rufe ido ta diro. Don haka duk abin hawan da aka nuna maka, kafin ka tambayi tsawonsa, tambayi ta ina za ta sauko.

Na biyu ƙarfin tsallenta. Matsakaiciyar kyanwa kilo 4 zuwa 5 take, manyan nau'i irin Maine Coon kuwa suna kai kilo 8 ko fiye. Sai dai nauyin da sikeli ke nunawa daban, wanda katako ke ɗauka daban. Idan ta taho a guje ta dira, ko ta tokare da ƙafafun baya ta tashi sama, ƙarfin da take sakar wa abin ya ninka nauyinta, kuma ta gefe yake zuwa. Kyanwa ba ta manta abin da ya tsorata ta. Abin hawa ya yi girgiɗi a ƙarƙashinta sau ɗaya, mai yiwuwa ta daina kusantarsa ke nan. Sau da yawa idan ka ji mutum na cewa ya kashe kuɗi kyanwarsa ta ƙi hawa, je ka taɓa abin da hannu, za ka ji yana rawa.

Bishiyar kyanwa ita mutane suka fi sani, ita kuma suka fi fara saye, da dalili. Ba ta buƙatar huda bango, ba ta buƙatar izinin mai gidan haya, ranar tashi kuma ka kwance ta ka tafi da abarka. Ta haɗa abubuwa da yawa a wuri guda: ginshiƙin kartar farce, ɗan akwatin ɓuya, da gadon sama. Ga wanda bai taɓa riƙe injin huda bango ba, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Matsalarta a ƙaramin gida ita ce lissafinta ba ya fita yadda ake so. In za ta tsaya daram, sai gindinta ya yi faɗi da nauyi, wajen santimita 60 kowane gefe ko fiye idan doguwa ce, wannan kuwa wurin kujera guda ne a falon da dama ba shi da sarari. In kuma ka nemi mai ɗan siririn gindi don ta shige lungu, ka sayi girgiɗi da kuɗinka, musamman idan tsawonta ya haura mita ɗaya da rabi. Masu ƙera ta sun san haka, shi ya sa da yawa ke sako ɗan maɗauri a cikin kwalin don a ɗaure samanta da bango. Mutane kan jefar da shi tare da leda. Kada ka jefar. Ƙusa ɗaya a bango tana mai da matsakaiciyar bishiya abin dogaro, kuma ramin ƙusa ɗaya abu ne da ake toshewa cikin minti biyu.

Sai a duba abin da ke ƙarƙashin tufar. Araha ba ta ado, kuma a nan maganar ta fi fitowa fili. Yawancin masu sauƙin kuɗi, faifansu garin katako ne da aka matse da gam, ginshiƙansu kuwa bututun kwali ne mai kauri da aka toshe bakinsa da roba, noti a tsakiyar robar. Da farko lafiya lau. Bayan watanni na dira da girgiza, robar nan takan saki daga jikin kwalin, sai ka ga kana murɗa ginshiƙin yana ta juyawa ba ya kamawa. Daga nan babu gyara mai ɗorewa. Mai ginshiƙin katakon gaske da faifan filawud ta fi tsada, ta fi nauyi, amma nauyin nan shi ake nema, kuma idan igiyarta ta cinye kana iya naɗa sabuwa. Tufa mai laushi da ake manne wa faifan ita ma abin dubawa ce: tana tara gashi, ba a cire ta a wanke, in kuma ƙuma ta shigo gida to ta samu maɓoya. Na fi son faifai tsirara mai shimfiɗar da ake ɓallewa a wanke.

Abu na ƙarshe game da bishiya, wanda hoto ba ya nunawa, shi ne girman hawa-hawan da yadda aka jera su. Da yawa an yi su ne daidai jikin 'yar jaririyar kyanwa. Babba ta hau gadon sama sai ka ga rabin jikinta na lilo a waje. Wurin kwanciya ya kai santimita 35 zuwa 40 a faɗi. Sannan idan faifan sama yana daidai saitin na ƙasa, ya zama rufi a kanta, dole ta lanƙwasa ta kewaye bakinsa wajen hawa, wajen sauka kuma ba ta ganin inda za ta sa ƙafa. Jeri mai kyau shi ne na dama da hagu, kowane hawa ya ɗan leƙo daga ƙarƙashin na samansa.

Ginshiƙin da ke tokare ƙasa da silin amsa ce ga matsalar gindin nan. Da yake ya kama sama ya kama ƙasa, ba ya buƙatar faɗi. Wurin da zai ci bai wuce na tukunyar fure ba, amma ya ba kyanwa tsawon ɗakin gaba ɗaya. In ana maganar motsa jiki zalla, a ganina babu wanda ya kamo shi. A kan bishiya da katakan bango tsalle kyanwa ke yi daga mataki zuwa mataki. A kan ginshiƙin da aka naɗe da igiya tun daga ƙasa har sama kuwa hawa take yi na gaske, ta rungume shi da ƙafafun gaba, ta tura da na baya, kafaɗa da baya da cinya duk suna aiki. Matashiyar kyanwa mai jini a jika, irin wadda ke bin labule, wannan ne abin da take nema tun farko. A nemi mai kauri, santimita 10 zuwa 12 ko fiye, don siririn ba ya runguma da kyau.

Sharaɗinsa silin. Ginshiƙin yana tsayawa ne da matsi, ko na sifirin ko na noti da ake murɗawa har ya tokare. Silin na kankare yana ɗaukar wannan matsi ba tare da wata damuwa ba. Silin na rataye, ko na siririn faifai, turawa kawai zai yi sama, ginshiƙin ya zauna sako-sako, wata rana ya zo ƙasa da kyanwa a kansa. Idan silin ɗinka na faifai ne, sai ka nemo daidai inda katakon tallafi ya ratsa ka saita shi a nan, in ba ka same shi ba ka haƙura da wannan zaɓi. Auna tsawon ɗakin da kanka kafin saye, domin kowane ginshiƙi yana da iyakar tsawon da yake kaiwa. Kafet mai laushi a ƙarƙashi yakan lotsa a hankali matsin ya ragu, saboda haka a riƙa gwada shi da hannu ana ƙara murɗawa, musamman a makonnin farko.

Kafin ka zaɓi wurinsa kuma, dubi fanka. Kyanwar da ta kai silin ta kai tsayin fankar sama, kuma abu mai juyawa yana jan hankalinta. Idan daga matakin ƙarshe za ta iya miƙa hannu ko ta yi tsalle ta kai ga fiffiken, wurin bai yi ba. Haka fitilar da ke rataye da wayar wuta.

Maganar sauka a nan ta fi tsanani. Ginshiƙi tsirara mai gado ɗaya can sama tarko ne ga kyanwar da ba ta iya saukowa da baya ba, kullum sai ta diro daga mita biyu da wani abu zuwa kan tayil. A zaɓi mai matakai da ke zagaye shi, tazarar kowanne kada ta wuce santimita 40, ko a kafa shi kusa da kabad ko gado yadda za ta raba saukar gida biyu.

Katakan bango su ne ba sa cin ƙasa ko taku ɗaya, kuma su kaɗai ke ba kyanwa abin da sauran ba sa bayarwa, wato tafiya. Bishiya da ginshiƙi hawa ne da sauka a wuri guda. Katakai kuwa hanya ce: ta tashi daga bayan kujera, ta bi matakai uku, ta ratsa dogon katako ta saman ƙofa, ta sauka ta kan kabad a ɗaya gefen. Ɗaki mai mita uku ya zama zagaye da za ta yi a guje. In da za a bar ni in zaɓa ba tare da duba komai ba, wannan zan zaɓa.

Sai dai akwai abubuwan dubawa da yawa, na farkonsu bangon kansa. Bangon bulo ko kankare yana riƙe katako da kyau idan an huda shi da injin, an cusa 'yar robar nan a ramin, an ɗaure da ƙusa mai murɗi doguwa. Bangon faifan filasta, wanda cikinsa holoƙo ne, labarinsa daban. Dole ƙusar ta shiga cikin katakon da ke tsaye a bayansa, waɗanda galibi ake jerawa tazarar santimita 40 ko 60. Abin da ya ishi hoto ko madubi bai ishi kyanwa ba, domin hoto ba ya dira. Kowane katako ya samu ƙarfen tallafi biyu a ƙarƙashi, kuma bayan an ɗaure ka danna bakinsa da ƙarfin hannunka sosai. In ya motsa a hannunka, zai motsa a ƙarƙashinta. Wanda bai saba wannan aiki ba ya kira kafinta, ya kuma tabbatar babu wayar wuta ko bututun ruwa a inda za a huda. Ɗan haya kuwa ya fara magana da mai gida, don ramuka goma sha ba abin ɓoyewa ba ne.

Tsarin jeri shi ne inda aikin ke kyau ko ya lalace. Kafin a huda ko rami ɗaya, yanki salatif ka manna a bango daidai inda kowane katako zai zauna, ka koma baya ka bi hanyar da ido kamar kai ne za ka sauko. Tazarar santimita 30 zuwa 40 tsakanin mataki da mataki, a tsaye da a kwance, ta dace da yawancin kyanwowi. Kyanwa lafiyayya tana iya tsallen da ya ninka wannan sau da yawa, amma hanyar da za ta bi sau goma a rana, wani lokaci da magagin barci, ba a gina ta a kan iyakar ƙarfinta. Matakin wucewa na iya zama ƙarami, na kwanciya kuwa ya fito daga bango santimita 25 zuwa 30. Katako mai fenti ko mai sheƙi santsi gare shi, a manna masa guntun kafet ko tabarmar sisal (wani zaren tsiro mai kaushi da ake igiya da shi), a manna da kyau, don shimfiɗar da ke zamewa ta fi katako tsirara haɗari.

Akwai abin da masu wannan tsari kan manta har sai ranar da ya dame su: kada a gina wurin da hannunka ba ya kaiwa. Kyanwar da ba ta da lafiya, ko wadda ta ga an fito da akwatin zuwa asibiti, wuri mafi bisa take nufa. Idan sai da dogon tsani za ka ɗauko ta, ka sayi wahala. Can ne kuma gashi da ƙura za su taru, wani lokaci har amai. Tsayin da kake kaiwa idan ka taka kujera ya wadatar.

Mazaunin taga ba na motsa jiki ba ne, kwanciya ake yi a kansa. Amfaninsa shi ne yana ba kyanwa dalilin hawa. Tsuntsu, ganye, mai wucewa, hasken rana, duk abin kallo ne da zai riƙe ta sa'o'i. Iri biyu ne. Mai roba da ke tsotsar gilashi ya fi sauƙin sawa, amma robar tana tsufa, zafi da sanyi suna sassauta ta, kuma ba ta yin gargaɗi kafin ta saki. Ga ƙaramar kyanwa a tagar da ba ta da nisa da ƙasa, babu laifi, muddin ana goge gilashin ana sake manna shi lokaci-lokaci. Ga mai nauyi, a nemi wanda ke kama dakalin taga da ƙarfe. Tagar kanta dole ta kasance da raga mai ƙarfi idan ana buɗe ta. Wani bincike da aka buga a 1987 ya duba kyanwowi 132 da aka kai wani asibitin dabbobi a birnin New York bayan sun faɗo daga benaye. Yawancinsu sun rayu, amma da raunin ƙirji da karaya da fashewar haɓa. Kyanwar da ta ƙura wa tsuntsu ido takan manta inda take tsaye. Igiyar labule mai lilo ita ma a naɗe ta sama.

Akwai wanda ake ratayawa a bayan ƙofa. Ba na ba da shawararsa sai ga ƙofar da ba a buɗewa, don yana kaɗawa, kuma ranar da wani ya turo ƙofar kyanwa na kai, an gama da shi.

Duk wanda ka zaɓa, ya zama akwai inda za ta karci farce. Karta tana cire tsohon ɓawon farce, tana barin ƙamshinta daga tafin ƙafa, tana kuma miƙe mata baya. Saboda miƙewar nan ne ginshiƙin karta ke buƙatar tsawon santimita 80 zuwa 90 a miƙe babu abin da ya tare shi. Gajerun ginshiƙan da ke tsakanin hawa-hawan bishiya sau da yawa ba su kai ba, sai ka ga an sayi bishiya amma hannun kujera na ci gaba da shan wahala. Sisal, ko igiya ko saƙaƙƙe, ya fi kafet: zaren kafet yana maƙale farce, yana kuma koya mata cewa kafet abin karta ne. A nan ginshiƙin silin ya yi zarra, katakan bango kuwa sai an ƙara musu abin karta daban.

Shekarun kyanwar na iya juya duk wannan lissafi. Wani bincike na 2002 da ya duba hoton ƙashin kyanwowi 100 da suka haura shekara 12 ya samu alamun lalacewar gaɓɓai a kashi 90 cikin ɗari. Kyanwa ba ta cika ɗingishi ba, ɓoye ciwo take yi. Abin da za ka gani shi ne ta tsaya a bakin tebur tana ta leƙen ƙasa kafin ta diro, ko ta zame ƙafafun gaba a jikin kabad don rage nisan, ko ta daina hawa inda ta saba. Wannan ta ga likita tukuna. Bayan haka abin da ya dace da ita gajeriyar bishiya ce mai faɗi, mai matakai kusa-kusa, tazarar santimita 20 ko ƙasa da haka, ko katako mai gangara zuwa taga. Son bisa bai bar ta ba, hanyar ce take so a sassauta mata. 'Yar jaririya kuma tana da ƙarfin hali fiye da dabara, a bar ta da ƙaramar bishiya har ta yi ƙwari. 'Yan kayan wasan da ake rataya wa bishiya da zaren roba a yanke su, zare abin haɗiyewa ne kuma yana naɗe wuya.

Idan kyanwa biyu ce a gidan, katakan bango sun ƙara yin gaba, da sharaɗi ɗaya: kowane wuri mai bisa ya zama yana da mafita biyu. Bishiya mai gado ɗaya a sama da hanya ɗaya, mai ƙarfin ce za ta mallake ta, ko ta zauna a matakin ƙasa ta tsare ɗayar a sama. Ba lallai ka ji faɗa ba. Kallo kawai ya isa ya hana ɗayar saukowa ta sha ruwa.

To, wanne za a saya? Ɗan haya mai silin na kankare da matashiyar kyanwa, ginshiƙi mai matakai. Ɗan haya mai silin na rataye, matsakaiciyar bishiya ta katakon gaske da aka ɗaure da bango. Mai gidan kansa, ko wanda aka ba izinin huda, katakan bango tare da abin karta mai tsawo. Mai tsohuwar kyanwa, gajeriyar bishiya a gindin taga. Amma ni abin da na fi ganin yana aiki a ƙaramin gida shi ne a daina kallon abin hawa a matsayin kaya guda da zai wadatar shi kaɗai. Gidanka ya riga ya cika da tuddai: saman kabad ɗin kaya, kantar littattafai, bayan kujera, dakalin taga. Abin da babu shi ne matakin da zai haɗa su. Ginshiƙi ɗaya a gefen kabad, da shimfiɗa a samansa, da katakai biyu da za su sauko da ita wajen taga, sun fi babbar bishiya da aka ajiye ita kaɗai a lungu. Kantar da za ta riƙa takawa dai a ɗaure ta da bango, a kwashe abin fashewa, a kuma tabbatar hanyar ba ta bi ta kan murhu ba.

Wurin ajiyewa yana da nauyin da ya kai na abin kansa. Mutane kan kai bishiya ɗakin da ba kowa don kada ta tare hanya. Kyanwa kuwa so take ta kasance inda mutanenta suke, tana kallonsu daga sama. Falo kusa da taga ya fi ko'ina. A nisanta shi da akwatin bayan gidanta da injin wanki mai ƙara.

Katako ba ya sa kyanwa gudu da kansa. Idan an kafa an bar ta da shi, za ta hau sau ɗaya ta mai da shi gado, dabbar da dama takan yi barcin sa'a 12 zuwa 16 a rana. Abin da ke mai da shi filin motsa jiki shi ne wasa. Kyanwa ta fi kuzari da asuba da kuma faɗuwar rana. A waɗannan lokuta ɗauki sanda mai gashin tsuntsu a baki, ka ja shi a ƙasa yana guje mata, ka haura da shi mataki-mataki, ka ɓoye shi bayan ginshiƙi ya ɗan leƙo, ka sauko da shi ta ɗaya hanyar. Minti goma zuwa sha biyar ya isa, kuma a bar ta ta kama a ƙarshe, sannan a ba ta abinci. In an gama a ɓoye sandar. Wani ɓangare na abincinta na yini, in busasshe ne, a rarraba shi ƙwaya-ƙwaya a kan matakai daban-daban ta nema da kanta.

Ranar da sabon abin ya iso kada ka ɗauke ta ka ɗora a sama. Warin kanti da gam baƙo ne a hancinta. Goga tsumma mai laushi a kumatunta ka shafa a jikin matakan, ko ka shimfiɗa tsohon bargon da take kwanciya a kai. Ganyen katnif, wani ganye mai ƙamshi da ke jan hankalin kyanwa, yana taimakawa, amma wajen kashi biyu cikin uku na kyanwowi ne kawai yake motsawa, in taka ba ta kula shi ba babu abin da ya same ta. Wata ta hau a ranar, wata sai ta yi makonni tana zagaye shi tana sunsuna. Bayan ta karɓe shi, duk wata ka bi notuna da ƙusoshi ka ƙara ɗaurewa. Igiyar da ta yi buzu-buzu kuma kada ka yi gaggawar canza ta don ta yi muni a ido, a lokacin ne ta fi daɗin karta kuma ƙamshinta ya kama ta. Sai ta fara warwarewa, ko ƙusar da ke riƙe da ita ta leƙo, sannan a naɗa sabuwa.